Leo Svemps: Mai zanen tulu da furanni a ƙasar da aka yi ta sauya wa tuta

Mutumin da aka haifa a karkarar Latbiya a shekarar 1897, ya kuma rasu a birnin Riga a 1975, bai buƙaci doguwar tafiya ba kafin ya ɗanɗana mulki iri-iri. Yana zaune gwamnatocin suka riƙa zuwa suna samunsa. An haife shi talakan Sarkin Rasha, ya ga farkon mulkin 'yan gurguzu a Masko da idonsa, ya yi ƙuruciyar aikinsa a Latbiya mai 'yancin kai, ya ga ranar da Karlis Ulmanis ya rushe majalisa a watan Mayun 1934 ya riƙe ƙasar shi kaɗai, sannan sojojin Stalin suka shigo a 1940, na Hitila suka kore su a 1941, na Stalin suka sake dawowa a 1944 suka zauna zama na kusan rabin ƙarni. Wannan ita ce rayuwar Leo Svemps. Abin da ya sa na ɗauko shi a shafin nan shi ne, a duk tsawon wannan hargitsi, aikin da aka fi saninsa da shi bai wuce ya ɗora tulu da faranti da 'ya'yan itace da furanni a kan tebur ya zana su ba. Da wannan aikin ya kai ga shugabancin babbar makarantar koyon zane ta ƙasarsa, ya kuma karɓi lambar girma mafi daraja da Tarayyar Sobiyet ke bai wa mai fasaha. Wasu za su ce gwani ne da ya tsare sana'arsa. Wasu kuma za su ce mutum ne da ya iya zama da kowane sarki. Ina ganin duka maganganun biyu suna da ƙafar tsayawa, shi ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa.

Kafin mu shiga rayuwarsa, ya kamata mai karatu ya san irin zanen da ake magana a kai. Turawa sun daɗe da ware wani reshe na zane wanda babu mutum a cikinsa, babu doki, babu fagen yaƙi, sai kayan da aka ajiye kawai: kwalba, kasko, burodi, kifi, tuffa, inabi, ƙyallen shimfiɗa. Faransawa suna kiransa da sunan da ke nufin matacciyar halitta. 'Yan Latbiya kuwa suna cewa klusā daba, wato halitta mai shiru, kuma a ganina sunansu ya fi dacewa, domin kayan nan ba matattu ba ne a idon mai zane, magana ce kawai ba su yi. Ni dai zan kira shi zanen kayan ajiye. A ƙarni na 17, lokacin da makarantar zane ta masarautar Faransa ta jera rassan wannan sana'a bisa daraja, ta sa zanen tarihi da na addini a sama, zanen fuskar mutane a bayansa, ta jefa zanen kayan ajiye can ƙasa. Hujjarsu ita ce, wanda ya zana sarki a fagen fama yana koya wa jama'a wani abu, wanda ya zana albasa kuwa kwaikwayo kawai ya yi. Sai da aka sami irin su Chardin a ƙarni na 18, da Paul Cézanne wanda ya rasu a 1906, kafin aka gane cewa a kan teburin nan da aka raina ne mai zane yake fuskantar ainihin matsalolin sana'arsa ba tare da wani labari ya rufa masa asiri ba.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya ga jere. Kwalla da tasa da langa duk kasuwa ɗaya aka sayo su, kowa na iya sayen irinsu, amma ba kowace mace ce ta iya jera su ba. Akwai wadda za ta ɗora babba a ƙasa, ta bi da mai bi mata, ta san inda ja zai zauna kusa da fari, ta bar ɗan fili inda ido zai huta, har wanda ya shigo ya tsaya yana kallo bai san abin da ya tsayar da shi ba. Mai zanen kayan ajiye daga nan yake farawa, sai dai shi bayan ya gama jeren, sauran aiki na gabansa: ya mayar da abin da ke da kauri da nauyi ya zama launi a kan ƙyalle mai faɗi, ta yadda tulun zai ci gaba da zama mai nauyi, gilashin ya ci gaba da zama mai sanyi.

An haifi Svemps ranar 19 ga Yulin 1897 a gundumar Belava, kusa da garin Gulbene a arewa maso gabashin Latbiya ta yau, yankin noma da dazuzzuka. A lokacin babu wata ƙasa mai suna Latbiya a taswira. Lardunan Rasha ne, manyan gonaki suna hannun iyalan Jamusawa masu sarauta, harshen ofis kuma Rashanci ko Jamusanci. Ɗan Latbiya da ke son ya fita daga gona yakan nemi aikin malanta ko limanci ko lauya. Yaƙin Duniya na Farko ya tarwatsa wannan zama. Da sojojin Jamus suka mamaye yammacin ƙasar a 1915, dubban ɗaruruwan mutane suka yi gudun hijira zuwa cikin Rasha, aka kwashe masana'antu da makarantu aka bi da su. Svemps ya sami kansa a Masko, ya shiga jami'a yana karatun shari'a, yana kuma koyon zane a gefe.

A nan ne ya faɗa hannun malamin da ya sa masa tambarin da bai goge ba har mutuwarsa, wato Ilya Mashkov. Bayan juyin juya halin 1917, sabuwar gwamnati ta rushe tsofaffin makarantun zane ta buɗe wasu ɗakunan koyo inda ɗalibi ke zaɓar malaminsa da kansa, kuma Svemps ya zauna a ɗakin Mashkov a tsakanin 1918 da 1919. Mashkov yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar matasan masu zane a Masko a 1910, wadda suka raɗa wa sunan ɗaya daga cikin katunan karta don tsokanar dattawan sana'ar. Shi da abokansa irin su Pyotr Konchalovsky sun sha daga rijiyar Cézanne, domin attajiran Masko biyu, Sergei Shchukin da Ivan Morozov, sun sayo zane-zanen Faransa na zamani masu yawa sun tara a gidajensu, har ya zama ɗalibin Masko yana iya ganin Cézanne da Matisse ba tare da ya je Faris ba. Sai dai 'yan Masko ba su ɗauki sanyin Faransawa ba. Sun haɗa darasin Cézanne da launin allunan shaguna da farantan kasuwa na Rasha, ja ya zama ja ƙwarai, 'ya'yan itace su cika ƙyalle kamar za su faɗo. Shekara guda ko ɗan fiye da haka Svemps ya yi a wannan ɗaki. Ga ɗalibin da ya zo da shiri, wannan ya isa.

Ya koma gida a 1919, ƙasar tana tsakiyar yaƙin neman 'yanci. An shelanta kafa Latbiya ranar 18 ga Nuwamban 1918, amma sai da aka gwabza da 'yan gurguzu da rundunonin Jamusawa kafin abin ya tabbata a 1920. Svemps ya ci gaba da karatun shari'a a Jami'ar Latbiya ya kammala, kuma da aikin shari'a ya riƙa ciyar da kansa a shekarun 'yanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a fahimtar zanensa. Riga ƙaramar kasuwa ce, ƙasar ba ta kai mutum miliyan biyu ba, kuma mai zanen da ya dogara da burushi kaɗai dole ya zana fuskar attajiri yadda attajirin ke so, ko ya yi wa gidan wasan kwaikwayo ado, ko ya zana bangon littafi. Wanda yake da wata hanyar abinci yana da damar ya zana abin da ransa ke so. Ina zargin cewa lauyan da ke cikin Svemps ne ya saya wa mai zanen da ke cikinsa 'yanci, kuma mai yiwuwa shi ne ya koya masa yadda ake zama da hukuma ba tare da an bar mata abin kamawa ba.

Abokan tafiyarsa su ne 'yan Ƙungiyar Masu Zane ta Riga, wadda aka kafa a 1920, ita ce kuma ta shigo da sabon salo ƙasar. Biyu daga cikin jagororin wannan tafiya, Jazeps Grosvalds da Jekabs Kazaks, waɗanda suka zana 'yan gudun hijira da sojojin Latbiya na lokacin yaƙi, duk sun rasu a cikin 1920 suna samari. Saura irin su Romans Suta da matarsa Aleksandra Belcova, da Oto Skulme, da Valdemars Tone, da Konrads Ubans, da Gederts Eliass, da Niklavs Strunke suka ci gaba. Da yawansu sun karkata ga salon Faris na farfasa siffar abu zuwa kusurwoyi da murabba'ai, irin wanda Picasso da Braque suka fara. Svemps ya shiga cikinsu a shekarun 1920, amma bai bi su can ba. Tulunsa ya ci gaba da zama tulu. Sabuntarsa tana cikin launi da hannu.

A nan nake son in ɗan daɗe, domin yawancin abin da ake rubutawa a kan masu zane labarin muƙamansu ne, aikin kansa sai a wuce shi da kalmar “kyakkyawa”. Wanda ya kalli zanen Svemps na kayan ajiye, abu na farko da zai lura da shi shi ne fentin ba ya ɓuya. Ana ganin sawun burushi, ana ganin inda ya danna da inda ya ja da sauri, wani wurin fentin ya taru ya yi tudu. Fure a wurinsa ba a ƙirga masa ganye. Shafa uku ko huɗu ne na ja da fari da ruwan hoda, idan ka matso kusa ba ka ganin komai sai dabbare, idan ka ja da baya sai furen ya tashi. Wannan yana buƙatar ƙarfin hali irin na mahaucin da ya san inda gaɓa take, ya sa wuƙa sau ɗaya. Wanda bai san inda zai ajiye launi ba yakan yi ta shafawa yana gyarawa har launukan su cakuɗe su koma ruwan tabo. Akwai kuma dalili na zahiri da ke sa mai zanen furanni gaggawa: furen da aka yanko ba ya jira, kafin kwana biyu ya sunkuyar da kai, hasken taga kuma yana sauyawa daga hantsi zuwa la'asar. Cézanne ya shahara da jinkiri, har ana ba da labarin cewa 'ya'yan itacensa kan lalace kafin ya gama. Svemps ɗan gidan Mashkov ne, gidan masu zafin hannu.

Abu na biyu shi ne yadda yake sa launuka su yi wa juna aiki. Farin ƙyalle a zanensa ba fari ba ne zalla. Akwai shuɗi a cikin ninkinsa, akwai rawaya a inda haske ya sauka, akwai ɗan ja da ya aro daga tuffar da ke kusa. Inuwa ma launi ce, ba baƙin fenti ba. Idan ya sa lemo mai ruwan ɗorawa a gefe guda, zai nemi wani shuɗi ko kore mai duhu a ɗaya gefen da zai riƙe shi, kamar yadda mai awo ke ɗora dutse a ɗaya hannun sikeli. Ya kuma san amfanin duhu. A shekarun 1930 zanensa ya yi nauyi, bayan kayan ya yi duhu, launin ƙasa da baƙi suka yawaita, hasken ya riƙa fitowa daga cikin duhun kamar garwashi. Ba shi kaɗai ba ne a wannan. Masu zanen Riga da dama sun juya zuwa wannan nauyi bayan da aka kawo baje kolin zanen Beljiyam birnin a 1927, aka kuma fara gajiya da kusurwoyin Faris. Ya zana filaye da unguwannin Riga da fuskokin mutane ma, amma teburin nan ne gidansa.

Sai 1940 ta zo. A watan Yuni tankokin Sobiyet suka shiga Riga, a watan Agusta aka haɗe ƙasar cikin Tarayyar. Aikin lauya irin na da ya mutu tare da dokokin da aka gina shi a kansu, aka rushe ƙungiyoyin masu zane masu zaman kansu. A wannan shekarar Svemps ya fara koyarwa a Makarantar Fasaha ta Latbiya, wadda aka kafa a 1919 ƙarƙashin jagorancin mai zanen dusar ƙanƙara Vilhelms Purvitis. A daren 14 ga Yunin 1941 aka cusa mutum fiye da 15,000 a taragun jirgin ƙasa aka nufi Saiberiya da su. Mako guda bayan haka Jamus ta far wa Tarayyar Sobiyet, kuma kafin ƙarshen shekarar an harbe Yahudawa kimanin 25,000 a dajin Rumbula da ke bakin Riga. Da jan soja ya sake tunkaro ƙasar a 1944, kowane mai ilimi ya tsaya gaban tambaya guda: tafiya ko zama?

Da yawa sun tafi. Purvitis ya rasu a Jamus a 1945. Strunke ya tsallaka zuwa Suwidin. Tone ya ƙare rayuwarsa a Ingila. Sun tsira da 'yancin burushinsu, amma sun rasa ɗalibai da masu kallo, suka koma zana wa 'yan uwansu 'yan gudun hijira a ƙananan zaure. Waɗanda suka faɗa hannun hukumar Sobiyet a mugun lokaci kuwa, nasu ya fi muni. Romans Suta, wanda ya bi ma'aikatar fim zuwa cikin Tarayyar lokacin yaƙi, an harbe shi a Tbilisi a 1944. Gustavs Klucis, ɗan Latbiyan da ya zauna a Masko ya ba juyin juya hali duk basirarsa, wanda fastocinsa na Lenin da Stalin suka cika bangon ƙasar, an kama shi an harbe shi a 1938 lokacin da ake farautar 'yan Latbiya mazauna Rasha. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa nakan tsaya. Wanda ya zana Stalin an kashe shi, wanda ya zana furanni ya mutu a gadonsa da lambar girma a ƙirji. Mulkin kama-karya ya fi tsoron na kusa da shi, mai ra'ayi a kan yadda ya kamata a tafiyar da juyin, fiye da mutumin da ke can gefe yana wanke burushi.

Svemps ya zauna. Amma kada a ɗauka zanen furanni mafaka ce mai aminci a shekarun farko. Tun 1934 hukuma ta ɗora wa masu fasaha salo guda, wanda za a iya kira zanen zahiri na gurguzu: a nuna ma'aikaci da manomi da soja da shugaba, a siffar da kowa zai gane, cikin farin ciki da nasara. Abin dariya shi ne, 'yan gurguzun da suka ce sun zo rushe tsohuwar duniya sun dawo da jerin darajar masarautar Faransa kusan yadda yake: babban zane mai ɗauke da saƙo a sama, kayan ajiye a ƙasa. Daga 1946, ƙarƙashin Andrei Zhdanov, aka buɗe yaƙi da abin da suka kira fifita siffa a kan saƙo. Duk wanda launinsa ya yi ƙarfi, ko sawun burushinsa ya fito, ko aka ji ƙamshin Faris a aikinsa, ya shiga layin tuhuma, kuma sunan Cézanne kansa ya zama zagi. Tsofaffin 'yan ƙungiyar Riga da suka rage, waɗanda su ne malaman makarantar, sun sha suka a taruka da jaridu. A watan Maris na 1949 kuma aka sake kwashe mutum fiye da 42,000 zuwa Saiberiya, yawancinsu manoma, don kowa ya san cewa maganar hukuma ba ta tsaya a takarda ba.

Yadda malaminsa ya bi da irin wannan matsi abin lura ne. Mashkov, wanda ya zana burodin Masko a 1924 don murnar burodin kansa, ya sake zana burodi a 1936, amma a wannan karon da tambarin Tarayyar Sobiyet da aka gasa da fulawa yana zaune a saman tarin. Ya nemo hanyar da zai sa teburinsa ya yi wa gwamnati kirari. Zanen Svemps da ake tunawa da shi a yau babu irin wannan a cikinsa. Tulu ne, da fure, da ƙyalle.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 igiyar ta ɗan saki, kuma abin da ya faru da zanen Svemps a shekarun da suka biyo baya shi ne ya fi burge ni a duk tarihinsa. Mutum ne da ya doshi sittin, shekarun da yawancin masu sana'a ke maimaita abin da suka iya. Shi kuwa sai launinsa ya buɗe, duhun shekarun 1930 ya janye, ja da rawaya da shuɗi suka dawo da ƙarfin da suka fi na ƙuruciyarsa, hannun ya ƙara saki. Kamar abin da ya koya a ɗakin Mashkov yana ɗan shekara 21 ya kwanta a ƙasa shekaru arba'in yana jiran damina.

Daga nan muƙamai suka biyo. A 1961 ya gaji Oto Skulme a shugabancin makarantar, ya riƙe ta har 1974. A 1963 aka ba shi lambar Mai Fasahar Jama'a ta Tarayyar Sobiyet. Daga 1965 zuwa 1968 ya shugabanci Ƙungiyar Masu Zane ta Latbiya, ƙungiyar da ke raba ɗakunan aiki da kwangila da izinin baje koli, wadda idan ba ka cikinta ko fenti mai kyau sai ka sha wuya kafin ka samu. A nan masu sukar irinsa suke da hujja, kuma ba na son a yi mata kwaskwarima. Ba a ba mutum irin waɗannan kujeru a wancan tsari don iya haɗa launi kawai. An ba shi ne shekara biyu bayan da Masko ta share shugabannin gurguzun Latbiya masu kishin ƙasa irin su Eduards Berklavs a 1959, wato a lokacin da ake tantance kowa da kyau. Duk shugaban makaranta a Tarayyar Sobiyet yana jagorantar wurin da ake tilasta wa ɗalibai darasin aƙidar jam'iyya, ake kuma sa ran aikin kammala karatunsu ya ɗauki saƙon da hukuma ke so. Sunansa da martabarsa sun taimaka wajen nuna wa duniya cewa al'adun Latbiya suna bunƙasa a ƙarƙashin mamaya. Gwamnati ta ci riba da shi, kuma lauya ne, ya san ta ci.

Duk da haka, hukuncina ya fi karkata gare shi, kuma dalilina dalili ne na malami. Sana'a irin wannan ba ta rayuwa a cikin littafi. Yadda ake ganin shuɗin da ke cikin farin ƙyalle abu ne da wani ke tsayawa a bayanka ya nuna maka da yatsa, kamar yadda ake koyon rini a bakin karofi. Idan aka yanke wannan silsila na tsawon tsara guda, ta tafi, ko da an buɗe ƙofa daga baya sai a tarar babu wanda ya iya. Ta hannun Svemps da Ubans da Eliass da Skulme, darasin da ya taso daga Cézanne ya bi ta Masko ya iso Riga bai yanke ba, a daidai lokacin da hukuma ke cewa darasin guba ne. Kuma wurin da ya fi sauƙin ɓoye shi shi ne ajin zanen kayan ajiye, domin kowace makarantar zane, har ta Stalin, tana sa ɗalibin farko ya zana tulu da ƙyalle kafin a ba shi mutum. Sufeto zai iya tuhumar yadda ka zana fuskar manomi, amma da wuya ya rubuta rahoto a kan inuwar tuffa. Duk wanda ya yi aiki a jami'a ya san bambancin shugaban da ke isar da zafin sama zuwa ƙasa yadda ya zo, da wanda ke tsayawa a tsakani ya shanye wani kaso. Dukansu suna sa hannu a takardu iri ɗaya, amma ɗalibai da ƙananan malamai sun san waye waye.

Shaidar da nake dogara da ita ita ce abin da ya fito daga makarantar. A shekarun 1960 da 1970 an san zanen Latbiya a faɗin Tarayyar da kula da launi da kuma 'yancin hannu fiye da abin da aka saba gani a Masko. Boriss Berzins ya koyar a can. Bruno Vasilevskis, wanda ya yi karatu a can, ya ɗauki zanen kayan ajiye ya kai shi wani wuri dabam da na Svemps, wuri mai sanyi da tsit, 'yan kaya kaɗan a cikin haske mai laushi. A 1974, shekarar da Svemps ya sauka, ɗalibai biyu na makarantar, Miervaldis Polis da Liga Purmale, suka baje zane-zanen da suka yi kama da hoton kyamara, salon da ke tashe a Amurka a lokacin, abin da ba a saba gani ba a Tarayyar. Ba na cewa Svemps ne ya koya musu wannan, salonsu ya yi hannun riga da nasa. Abin da nake cewa shi ne, makarantar da ɗalibanta ke da ƙarfin halin yin haka ba makarantar da aka murƙushe ba ce, kuma shi ne ya riƙe ta shekara 13. A tuna cewa a watan Disamban 1962, shekara guda da hawansa, Nikita Khrushchev ya shiga wani baje koli a Masko ya zazzagi masu sabon salo a bainar jama'a, duk wani shugaban makarantar zane a ƙasar kuma ya ji wannan tsawa.

Akan kwatanta irin wannan rayuwa da ta Giorgio Morandi na Italiya, wanda ya shafe zamanin Mussolini da bayansa a birnin Bologna yana zana kwalabe, yana kuma koyarwa a makarantar gwamnati. Kwatancen yana da amfani, sai dai Morandi bai taɓa ɗaukar nauyin shugabancin dukan masu zanen ƙasarsa ba, kwalabensa kuma masu ƙura ne, masu janye jiki daga duniya. Teburin Svemps cike yake, launinsa na biki ne. Mai suka zai iya cewa wannan yalwa ta yi wa hukuma daɗi, domin ta yi kama da wadatar da take iƙirarin ta kawo. Amma furannin nan sun riga hukumar zuwa Riga da shekara ashirin, kuma bai sauya musu tulu don ta zo ba.

Ya rasu ranar 7 ga Maris 1975, 'yan watanni bayan barin ofis, shekara 16 kafin Latbiya ta maido da 'yancinta a 1991. A watan Agustan wannan shekarar aka sauke gunkin Lenin daga tsakiyar Riga, manyan zane-zanen manoma masu murmushi kuma da yawansu suka koma ɗakunan ajiya, sai masu binciken tarihi ke neman su. Ayyukan Svemps suna cikin tarin Gidan Adana Zane-zane na Ƙasar Latbiya, ginin 1905 da aka yi wa gyara aka sake buɗewa a 2016. Ginin yana gefen fili guda da makarantar da ya shugabanta, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa ga ɗalibin da aka aika ya je ya duba yadda ake sa ja kusa da kore. Filin, wanda aka raɗa wa sunan 'yan juyin juya hali a zamanin da Svemps ke ratsa shi zuwa ofis, an mayar masa da tsohon sunansa na Esplanade.